Zargi ya yi yawa, hukunci ya yi kaɗan: ta ina ake kama shugaban da ya taɓa dukiyar jama'a?

Ɗan Auta, Bunguɗu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Duk gwamnatin da ta hau a Zamfara, aikinta na farko shi ne ta tara 'yan jarida ta karanta biliyoyin da ta ce ta baya ta cinye. Wadda ta sauka ta ce bi-ta-da-ƙulli ne. A yi wata biyu ana musayar yawu a rediyo da Facebook, sai magana ta bi ruwa. A watan Mayun 2023 EFCC ta ce tana binciken Gwamna Bello Matawalle kan naira biliyan 70. Ya musanta, har ya zargi shugaban hukumar na lokacin da neman cin hanci a wurinsa. A watan Yuni aka dakatar da shugaban EFCC, a watan Agusta tsohon gwamna ya zama minista. Tambayata ba wa ke da gaskiya ba ce. Tambayata: idan zargi irin wannan ya taso, wace hanya doka ta tanada da za ta kai mu ga sanin gaskiya? Ko rigar kariya ce ta toshe komai?

Barista, Gusau: Wa alaikumus salam ƙanena. Rigar kariya ta sha zagi fiye da laifinta. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 mutum huɗu kawai ya rufe: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. A jiha ke nan mutum biyu ne. Kwamishina ba shi da ita, sakataren gwamnati ba shi da ita, haka akanta janar, manyan sakatarori, shugabannin ƙananan hukumomi 14, 'yan majalisa da 'yan kwangila. Kuma abin da sashen ya hana shi ne kamu da gurfanarwa muddin mutum yana kan kujera. Bai hana bincike ba. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 2002 a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar kan Sufeto Janar na 'yan sanda: ana iya bincikar gwamna mai ci, a tara hujjoji, a jira ranar da zai miƙa mulki. To gwamna ba ya shiga banki da kansa ya ɗauko kuɗin gwamnati. Wani ne ya rubuta bauca, wani ya sa hannu, wani ya tura, wani kamfani ya karɓa. Duk waɗannan ana iya gurfanar da su gobe da safe. Inda ake asara shi ne a zauna shekara huɗu ko takwas ana cewa "ai yana da kariya", ranar da ta faɗi kuma a tarar fayil ya yi ƙafa, darakta ya yi ritaya, kamfanin ya canza suna.

Baba Akawu, Ƙaura Namoda: Barista ya yi gaskiya, amma ya tsallake gidan da doka ta ba wuƙa da nama, wato majalisar jiha. Bari in shimfiɗa maku sashe na 188 yadda yake. Majalisarmu kujera 24 ce. Takardar zargi sai ta samu sa hannun kashi ɗaya cikin uku, mutum 8 ke nan. Kakaki na da kwana 7 shi kai wa wanda ake zargi da sauran mambobi. Cikin kwana 14 da gabatar da ita, majalisa ta yi ƙuri'a ko a bincika ko a bari, kuma wannan na buƙatar kashi biyu cikin uku, mutum 16. In ta wuce, Babban Jojin jiha shi naɗa kwamitin mutum 7 cikin kwana 7, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba. Kwamiti na da wata 3. In sunka ce babu laifi, magana ta mutu nan take. In sunka ce akwai, majalisa na da kwana 14 ta amince da rahoton, nan ma da mutum 16. Yanzu ku duba ku gani: a jihar ga, wa anka taɓa bi da wanga tsari har ƙarshe? Mataimakin gwamna, Mahdi Aliyu Gusau, a watan Fabrairun 2022, bayan ya ƙi bin ayarin da ya sauya jam'iyya a 2021. Makamin na aiki sarai, sai dai inda ake nufa da shi ne abin dubawa.

Ɗan Auta, Bunguɗu: Baba, to idan aka dakatar da wasu mambobi, kamar yadda muka ga majalisa ta dare gida biyu a 2024, lissafin 16 ɗin yana raguwa?

Baba Akawu, Ƙaura Namoda: Ba ya raguwa, ɗana. Kashi biyu cikin ukun na dukkan mambobi ne, ba na waɗanda sunka samu shiga zaure ba. A Filato a 2006 mutum 6 sunka zauna sunka ce sun tsige Joshua Dariye daga majalisa mai kujera 24, Kotun Ƙoli ta rushe a 2007. A Oyo an tsige Rashidi Ladoja da zaman da anka yi a otal, kotu ta mai da shi kujerarsa. Dakatarwa dai na da wani amfani ga mai mulki: tana hana a samu mutum 8 ɗin farko, kuma tana koya wa sauran hankali.

Hajiya Odita, Tudun Wada: Ku gafarce ni, Baba da Barista, kun fara gini daga rufi. Tsigewa da kotu duk ƙarshen hanya ne. Farkonta takarda ce, kuma takardar tana da suna: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha. Sashe na 125 ya ce akanta janar ya rufe asusun shekara ya miƙa masa, shi kuma cikin kwana 90 ya kai rahotonsa majalisa, majalisa ta ba Kwamitin Asusun Gwamnati. A cikin rahoton nan ake ganin abubuwan da 'yan Facebook ba su taɓa tambaya. Baucar biya cikakkiya sai ta ɗauko takardar amincewa, takardar ba da kwangila, yarjejeniyar da aka sa wa hannu, satifiket ɗin injiniya idan gini ne, ko takardar shigar kaya sito idan sayayya ce, sannan rasit. In ɗaya ya ɓace, odita zai rubuta kweri, wato takardar neman ba'asi. Abubuwan da ke maimaituwa shekara bayan shekara a kusan kowace jiha sanannu ne: kuɗin da aka ba ma'aikaci ya yi hidima bai dawo da rasit ba, harajin VAT na kashi 7.5 da aka cire daga ɗan kwangila ba a tura wa hukumar haraji ba. Kwangila ɗaya da aka yanka gida biyar don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da ke buƙatar talla da gasar farashi. Kuɗin gwamnati da aka tura asusun mutum. Kashe kuɗi a kan abin da babu shi a kasafi, wanda sashe na 120 ya haramta kai tsaye.

Matsalar ita ce odita ba ya kamu, ba ya gurfanarwa. Rubutawa kawai yake yi. Idan kwamitin majalisa bai zauna ya kira babban sakatare ya amsa kweri ɗaya bayan ɗaya ba, rahoton ya zama abin ado a kan kanta. Sannan akwai wata ƙofa da mutane ba su lura da ita ba: sashen nan bai ba shi ikon bincikar hukumomi da kamfanonin gwamnati kai tsaye ba. Jerin sunayen masu bincike masu zaman kansu yake ba su su zaɓa, daga baya ya yi sharhi a kan abin da suka kawo. Shi ya sa manyan kuɗi suke son bi ta hukumomi maimakon ma'aikatu.

Barista, Gusau: Hajiya, ban musa ba, amma odita da gwamna ya naɗa, gwamna ke sakar masa kuɗin man mota, yaya zai rubuta abin da zai ƙona gidan gwamnati?

Hajiya Odita, Tudun Wada: Kujerarsa ta fi ta kwamishina ƙarfi, Barista. Majalisa ce ke tabbatar da shi, kuma ba a cire shi sai da kashi biyu cikin uku na majalisa. Inda ake shaƙe shi shi ne kuɗin gudanarwa da hana shi fayil. Amma ko rahoton da aka tausasa yana da amfani, don lissafi ba ya iya yin ƙarya ta kowane gefe lokaci guda. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda ya ɗaura tallafi a kan wallafa kasafi da asusun da aka bincika, jihohi suka fara sa takardun nan a intanet, har da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku. Ka ɗauki uku ka jera: kasafin da aka amince, rahoton wata uku, da sanarwar rabon arzikin ƙasa da ake fitarwa duk wata daga Abuja. Idan rahoto ya ce an saki kashi 80 na kuɗin wani asibiti, kai kuma ka je ka tarar da tubali a matakin taga, ka samu tambayar da ke da lamba da kwanan wata. Wannan ta fi "sun cinye biliyoyi" sau dubu.

Injiniya, Talata Mafara: Bari in ɗora daga inda Hajiya ta tsaya, don satar zamani ba a cika yin ta da aikin da ba a yi ba sam. An fi yin ta da aikin da aka yi rabi-rabi. Kowace kwangilar gini tana da takardar ƙididdigar kaya da farashi: jar ƙasa mita kaza, tsakuwa kauri kaza, kwalta kauri kaza, kwalbati guda kaza, magudanar ruwa mita kaza. Misali, titi mai tsawon kilomita 10 da faɗin mita 7.3. In takarda ta ce kwalta milimita 50, aka zuba 40, ido ba zai gane ba ranar buɗewa. Amma ka lissafa: 10,000 sau 7.3 sau 0.01 ya ba da kubik mita 730, kimanin tan 1,700 na kwalta, wato tifa mai tan 30 sama da 55 da aka biya ba a zuba ba. Wannan a kwalta kaɗai. In an rage tsakuwar ƙasa ko ba a daddanne jar ƙasa da ruwa yadda ya kamata ba, damina biyu titin zai fara zama, ya tsattsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi. Ana gane wannan da injin da ke huda titi ya ciro gunduwa kamar gwangwani, a sa ma'auni. Aikin awa ɗaya ne.

Sauran ƙofofin: kuɗin kafin alƙalami, wato na somin aiki, da ake bayarwa ba tare da takardar lamunin banki ba, sai ɗan kwangila ya kawo gireda ɗaya ya kankare gefen hanya ya ɓace, babu bankin da za a kama. Sai ƙarin kuɗin kwangila bayan an sa hannu, da sunan farashi ya tashi, har ƙarin ya kusa kai asalin kuɗin. Sai satifiket ɗin biya da injiniyan ma'aikata ya sa wa hannu yana ofis bai taka wurin ba. Sai kashi 5 da ake riƙewa har lokacin gyaran lahani ya wuce, a sake shi tun kafin damina ta gwada aikin. Sai aiki ɗaya, rijiyar burtsatse ko ajujuwa, da zai fito a kasafin jiha kuma ya fito a ayyukan mazaɓa na ɗan majalisar tarayya. Duk wanda ya sa hannu a satifiket ɗin nan ba shi da rigar kariya, kuma yana da lambar rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, da za a iya kai ƙara a kanta.

'Yar Jarida, Tsafe: Yaya Injiniya, takardar ƙididdigar nan ita ce ba sa son a gani, kuma akwai dokar neman ta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011: ka rubuta wasiƙa, ba sai ka faɗi dalilinka ba, hukuma na da kwana 7 ta ba ka ko ta rubuto dalilin hanawa. Tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. Shiru bayan wa'adi hanawa ne a idon doka, kuma kana da kwana 30 ka je kotu. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a watan Afrilun 2025 a wata ƙara daga jihar Edo. Abin da ke kashe yawancin wasiƙu shi ne yadda ake rubuta su. Mutum ya rubuta "ina son bayanin duk kuɗin da aka kashe a fannin lafiya", ya ba su hanyar zillewa. Ka ambaci aiki ɗaya, shekararsa, lambarsa a kasafi, ka nemi kwafin takardar ba da kwangila, ƙididdigar kaya, satifiket-satifiket na biya da ranakun biya. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Ba hatimi, ba ƙara. Da ka samu sunan kamfani, ka bincika shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 ko fiye, kuma an buɗe rajistar masu ainihin mallaka a 2023. A nan ake ganin kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin ya samu aikin biliyan, ko kamfanoni uku da suka "yi gasa" alhali adireshinsu ɗaya.

Gargaɗi kuma: ka rubuta abin da takarda ta ce, kar ka rubuta "ɓarawo". Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, ana kuma iya neman diyya. Nan jihar a watan Oktoban 2022 aka rufe kafofin yaɗa labarai, har da NTA Gusau da Pride FM, kan ɗaukar taron siyasa, don haka kowa ya san yanayin da yake aiki a ciki. Tsarin kwarmato na 2016 da ya yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato tsarin Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ne, ma'aikacin da zai fitar da takarda ya nemi shawarar lauya tukuna.

Ɗan Auta, Bunguɗu: To a ce an tara duk wannan an kai EFCC. Me ya sa shari'ar manya ke shekara goma?

Barista, Gusau: Saboda lauyan wanda ake tuhuma ba ya fara da "ban ci ba". Yana farawa da hurumi: wannan kotun ba ta da ikon sauraro, tuhumar ba ta tsaru ba, hukumar ba ta da ikon taɓa kuɗin jiha. Kowace ƙaramar magana a ɗaukaka ta har Kotun Ƙoli, asalin shari'a na jiran ta. Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an gurfanar da su a 2007, hukunci bai zo ba sai 2018, kowanne shekara 14, daga baya aka rage zuwa 10 da 12. A watan Afrilun 2022 aka yi masu afuwa ƙarƙashin sashe na 175. Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa ma ya samu tasa a 2013. James Ibori na Delta kotun tarayya a Asaba ta kori tuhuma 170 a kansa a 2009, kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 a 2012. Orji Kalu na Abia an yanke masa shekara 12 a Disambar 2019, Kotun Ƙoli ta rushe a Mayun 2020, ba don ta ce bai yi ba, sai don alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara lokacin da ya kammala shari'ar. Dokar ACJA ta 2015, mai tsara yadda ake shari'ar laifuka, ta yi ƙoƙari: ta hana dakatar da shari'a saboda ɗaukaka ƙara a tsakiya, ta ce a riƙa zama kullum, ta taƙaita ɗagewa. Batun ko EFCC na da hurumi a jihohi kuma Kotun Ƙoli ta rufe shi a Nuwamban 2024, lokacin da ta kori ƙarar da Kogi da wasu jihohi suka kai.

Ni a ganina hanyar da ta fi sauri ita ce bin dukiyar maimakon mutumin. Kotu na iya ba da umarnin ƙwace kadara na wucin gadi, a buga a jarida, duk mai cewa tasa ce ya zo ya nuna inda ya samu kuɗin saye. In ya kasa, ta zama ta gwamnati, ba sai an ɗaure kowa ba. Ta haka aka ƙwace rukunin gidaje 753 a Abuja a Disambar 2024. Sai Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata: fom ɗin bayyana kadarori ana cika shi lokacin shiga ofis, duk shekara huɗu, da lokacin fita, har da na mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai 18 ba. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya raba mutum da kujera, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace kadara. Sai dai hukumar ba ta sakin fom ɗin ga jama'a, to wa zai ce gidan kaza ba ya ciki?

Malam, Gummi: Allah ya saka maku da alheri. Akwai abin da ya kamata mu 'yan Zamfara mu ji nauyinsa fiye da kowa. Mu muka fara ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, kuma a Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda saniya. Talaka na da haƙƙin ya tambaya ina hukuncin mai alƙalami. Ta fuskar fiƙihu, haddin sata na da sharuɗɗa, ciki har da ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Wanda aka damƙa wa amana ya ci, malamai na sanya shi a babin ha'inci, hukuncinsa ta'aziri ne gwargwadon ɓarnarsa, tare da mayar da abin da ya ci. Rashin haddi ba sauƙi ba ne, don wanda ya ci na mutum miliyan, masu bin sa bashi miliyan ne. Hadisin Ibnul Lutbiyya kuwa ya gama maganar "kyauta ce aka ba ni": an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, Manzon Allah (SAW) ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa. Sayyidina Umar yana rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗi, in ta yi ƙarin da ba a gane ba ya raba ta da baitulmali. Fom ɗin da Barista ya ambata ke nan tun ƙarni na farko. Abin da ya rage mana mu masu mimbari: wanda ya karɓi mota ko kujerar Makka daga gwamnati, harshensa zai yi nauyi ranar da ya kamata ya yi magana.

Baba Akawu, Ƙaura Namoda: Malam ya taɓo inda ke ciwo. Amma Hajiya da 'yata 'Yar Jarida, kar ku ɗauka takarda kaɗai ke aiki. Ku tuna 2019. Wasiƙar tsohon Gwamna Abdul'aziz Yari ta fito yana neman a biya shi alawus na naira miliyan 10 a wata bisa dokar fanshon tsofaffin gwamnoni. Cikin Nuwamba majalisa ta soke dokar gaba ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Takarda ce ta tayar da ƙura, na yarda. Amma mi ya sa majalisa ta yi sauri? Don mai wasiƙar ɗan adawa ne a lokacin. Da a ce nasu ne, da wasiƙar ba ta ma fito ba.

Hajiya Odita, Tudun Wada: Haka ne Baba, amma ko da niyyar ba ta Allah da Annabi ba ce, dokar dai ta tafi, kuɗin kuma sun tsaya a baitulmali. Rigimar 'yan siyasa ita ce ke buɗe fayil, mu namu mu kasance a shirye mu karanta in ya buɗu. Abin da nake ƙi shi ne kwamitin binciken da sabuwar gwamnati ke kafawa, a karanta adadi a talabijin, a ƙi wallafa rahoton, a ƙi kai shi kotu. Wannan ba bincike ba ne, sanda ce ake ajiyewa a bayan ƙofa don ranar sulhu ko ranar zaɓe.

Barista, Gusau: Kuma a doka rahoton kwamiti ba ya hana kowa takara. Hukuncin kotu ne kawai ke hanawa: wanda aka samu da laifin rashin gaskiya ko karya dokar ɗa'ar ma'aikata, shekara 10. Kafin nan sashe na 36 ya ce shi marar laifi ne. Sai dai mu bambance abu biyu. Kotu ce ke ɗaurewa, amma sauke mutum daga muƙamin naɗi ba ya jiran kotu. Babachir Lawal, sakataren gwamnatin tarayya a lokacin, an dakatar da shi a Afrilun 2017, aka cire shi a Oktoba, kotu kuma ta sallame shi daga tuhuma a 2022. Kemi Adeosun, ministar kuɗi a lokacin, ta yi murabus a 2018 kan takardar NYSC. Betta Edu, ministar jin ƙai a lokacin, an dakatar da ita a Janairun 2024 bayan fitowar takardar neman tura naira miliyan 585 asusun wani mutum. Dukkansu abin da ya motsa gwamnati takarda ce da jama'a suka gani da idonsu.

Ɗan Auta, Bunguɗu: Kiranye fa? Matasa na yawan kiran a yi wa ɗan majalisar da ya yi shiru.

Baba Akawu, Ƙaura Namoda: Ku daina ɓata takalmanku. Kiranye bai shafi gwamna ko shugaban ƙasa ba, na 'yan majalisa ne, sashe na 69 da na 110. Ana son sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, ba rabin waɗanda sunka yi zaɓe ba, alhali a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda sunka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Sannan INEC ta sa ranar tantancewa, kowa shi zo rumfarsa da katinsa shi ce hannuna ne. Sai ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Na Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018 ya mutu a wurin tantancewa, kashi 5 da 'yan kai kawai anka tabbatar. Na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi a 2025 bai ma kai nan ba. A mazaɓar da rabin ƙauyukanta sun watse saboda 'yan bindiga, wa za ka tara? Ƙarfin da za a kashe a nan, a kai shi ofishin ɗan majalisar da ke cikin Kwamitin Asusun Gwamnati, a tambaye shi yaushe kwamitinsu ya zauna kan rahoton odita na ƙarshe. Sashe na 128 da 129 sun ba su ikon kiran kowa da takardunsa, har da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa.

'Yar Jarida, Tsafe: Baba ya ambaci tsaro, kuma nan ne ramin da ya fi zurfi. Kuɗin tsaro na gwamnoni ba a fayyace yadda ake kashe su, kuma a jiha irin tamu duk tambayar da aka yi sai a ce sirrin tsaro ne. Dokar samun bayanai ta yarda a hana abin da zai cutar da tsaron ƙasa, amma ta ce in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar a bayar. Adadin motocin sintiri da aka saya da farashin kowace ɗaya ba dabarar yaƙi ba ce. Haka kuɗin ƙananan hukumomi: Kotun Ƙoli ta ce a ranar 11 ga Yulin 2024 a riƙa biyan su kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa ba. Tambayar da za a yi wa kowane ciyaman mai sauƙi ce: nawa sanarwar Abuja ta ce an ware wa ƙaramar hukumarka a watan jiya, nawa ya shiga asusun da kai da ma'ajinka kuke sa wa hannu?

Ɗan Auta, Bunguɗu: Ni dai na ga ƙuri'a ta fi duka. A 2023 Zamfarawa sun kayar da gwamna mai ci.

Injiniya, Talata Mafara: Ƙuri'a na sauke mutum, ƙanena, amma ba ta ƙara milimita 10 ɗin da aka rage a titi. Wanda ke mayar da ɗan kwangila bakin aiki shi ne bin diddigi, irin wanda hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara a 2019 kan ayyukan mazaɓu. In ƙungiyarku za ta fara, ku zaɓi aiki ɗaya a gundumarku, ba goma ba. Ku ɗauki hoton allon aikin da ke nuna ma'aikata da sunan kamfani, ku kunna kwanan wata da wuri a kyamarar waya, ku auna tsawo da faɗi da tef, ku ƙirga kwalbatoci da tagogi. In rijiyar burtsatse ce, ku nemi takardar haƙa da ke nuna zurfi da gwajin yawan ruwa, don yawancin waɗanda ke ƙafewa a watan Maris ba a kai su zurfin da aka biya ba.

Hajiya Odita, Tudun Wada: Wasiƙar kuma a aika ta ga babban sakataren ma'aikatar, ba kwamishina ba, don shi ne jami'in da ke amsa tambayar kuɗi a ƙa'idar aiki, kuma yana nan ko an rushe majalisar zartarwa. A ba Babban Mai Binciken Kuɗi kwafi, a ba akawun majalisa kwafi don kwamitin.

Barista, Gusau: Ƙungiya mai rajista ta sa hannu, ba mutum ɗaya ba, saboda matsin lamba. Ku ajiye kwafin mai hatimi wuri biyu. Kwana 30 na zuwa kotu suna fara ƙirguwa ne daga ranar da aka hana ku ko ranar da wa'adinsu ya cika, ba daga ranar da kuka gaji da jira ba. Ɗan Auta, in kun tsara wasiƙar ka turo ta nan zaure mu duba lafazinta kafin ku kai.